Bara Cikin Babbar Riga

Kalmar da Turawan Ingila ke kiran toshiyar baki da ita, wato bribe, ba a ofis aka haife ta ba, a kwanon bara ta girma. A tsohon Faransanci ma'anarta gutsuren burodin da ake miƙa wa mabaraci. Da ta ƙetara teku ta shiga Ingila a ƙarni na 14 sai ta yi ƙiba, ta koma nufin abin da aka sato ko aka ƙwata. A ƙarni na 16 kuma ta sa babbar riga, ta zama kyautar da ake kai wa mai iko don ya karkata hukunci. Wannan asali ya ishe ni hujja cewa duk mai karɓar na goro mabaraci ne, illa dai shi yana da albashi da fansho.

Za a ce na yi wa mabarata ƙazafi, kuma da gaskiyar mai faɗa. Mabaraci in ka ce masa Allah ya ba da haƙuri sai ya yi gaba, wani ma har da addu'a. Mai hatimi kuwa in ka ba shi haƙuri, fayil ɗinka ne zai koyi haƙurin, ya shekara a ƙarƙashin tebur ana ce maka Oga bai zauna ba tukuna. Amma wannan bai rushe maganata ba, domin ita kanta kalmar sai da ta yada zango a gidan ƙwace kafin ta iso ofis. Bara ce dai, wadda aka haɗa mata da sanda.

Masu kāre sana'ar sun fi son su ce ai kyauta ce, kuma mayar da hannun kyauta baya rashin tarbiyya ne. Wannan uzuri ya tsufa. Francis Bacon, babban alƙalin Ingila kuma masanin falsafar da ake ji da shi, da shi ya kāre kansa a 1621. Ya amsa cewa ya karɓa, amma ya ce kyautar ba ta taɓa juya masa hukunci ba. Abin dariyar shi ne da alama bai yi ƙarya ba, don waɗanda suka fara kai ƙararsa majalisa mutane biyu ne da suka ba shi kuɗi, ɗaya fam 100 ɗaya fam 400, ya lamushe, sannan ya yanke hukuncin da bai yi musu daɗi ba. Wato cin amanar masu ba da cin hanci ne ya tona masa asiri, ba cin hancin ba. Aka ci shi tarar fam 40,000, aka kai shi kurkukun Hasumiyar Landan, ya yi 'yan kwanaki ya fito, Sarki James na Ɗaya kuma ya ɗauke masa biyan tarar. Su kuwa masu ƙarar ba hukuncin da suka saya, ba ko "Allah ya saka da alheri" da kowane mabaraci ke bayarwa kyauta.