Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alamar Ɗebewa

Daga wani mai shagon hatsi, Zongon Lome

Ranki ya daɗe, Hajiya Ɗebewa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Tarawa. Ni da ke ba baƙin juna ba ne. Tun 1977 muka san aikinki, lokacin da aka ɗebe Zongo daga tsakiyar Lome aka watso mu arewacin gari, wajen Agoye. Littafin bashin shagona kuwa, kowane shafi da ɗan karanki a kwance.

Ƙara na kawo. Daren jiya ɗana, mai shirin jarrabawar BEPC, ya baje takardu a kan buhun masara yana haddace dokokinki da ƙarfi. Wai riba sau riba, riba. Na ce madalla. Wai riba sau bashi, bashi. Na ce wannan ko zemijan mai babur ɗin haya ya sani. Sai ya ce bashi sau bashi, riba. Nan na ajiye kofin shayi.

Hajiya, in haka ne, ai da ni ne attajirin kasuwar Asigame. Dillalin shinkafa yana bina, mai gidan haya yana bina, surukata ma tana bina. Na ninka wannan da wancan har asuba, ko dala ban gani ba.

Yaron ya ce wannan doka ba ƙirƙirar Faransawa ba ce. Wai wani masanin Indiya, Barahmagufta, ya rubuta dokar tun shekarar 628, kuma shi ma da dukiya da bashi ya kira lambobin. Na ce to, ashe shi ma ya taɓa riƙe shago.

Da ya ga na ƙi yarda, sai ya jawo littafina. Ya ce: "Baba, a ce mutum uku suna binka jaka biyar-biyar. In aka ƙaro maka irinsu uku, ka nutse da jaka goma sha biyar. In kuwa aka ɗebe ukun, suka ce sun yafe, ka tashi da jaka goma sha biyar." Na yi shiru. Ashe ɗayar alamar bashi ce, ɗayar kuma yafiya. To, Hajiya, me ya sa a Zongo kullum ke kaɗai kike zuwa, ba ki taho da 'yar'uwar taki?

Sannan ga wani baƙo da kuka ajiye a littafin, takwas ɗin nan da ya kwanta ya ƙi tashi, wanda wani Bature ɗan Ingila, John Wallis, ya kwantar a 1655. Sunansa wai Mara Iyaka. In ya haɗu da riba, arziki ba ƙarshe. In ke kika taɓa shi, rami ba gindi. Amma in aka ninka shi da sifili, malamai sun ce babu amsa tsayayya. Wannan kam na riga su sani. Akwai wani maƙwabcina da ya ɗauki buhun gero tun kafin azumin bara. "Gobe" ɗinsa ba ta da iyaka, abin da ya biya sifili ne, har yau ni ma ban samu amsa ba.

Roƙona ɗaya. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, dillalin shinkafa zai biyo ta shagona. Ki daure ki zo, ke da 'yar'uwarki, ku tsaya a gaban sunana.

Gero kuwa, kada ku kusanci shafinsa. Can ke kaɗai ma kin isa.

Naki, wanda ake bi, yake kuma bi.