Sabis Na Shan Zagin Banza

Duk lokacin da kuɗi suka maƙale a wajen mai POS a Batsari ko Safana, sabis ke shan tsinuwa. Wani sa'in kuwa bai san hawa ba, bai san sauka ba. Laifin na can cikin rumbun bayanai.

Manhajar rumbun bayanai irin PostgreSQL ba ta goge tsohon layin bayani idan an gyara shi. Sabo take rubutawa, ta bar mataccen a wurin, kamar littafin bashin mai shago da ya cika da soke-soke. Gyara na yawaita, bincike na yin nauyi.

Akwai mai share matattun layukan, sunansa VACUUM. Sai dai a tsarin da ya zo da shi, gogan ba ya motsawa da kansa sai matattun layuka sun haura kashi 20 cikin ɗari na dukkan layukan.