Rawar Yara, Rigimar Manya

Wanda ya ce tsare yara talatin a ƙarƙashin rumfa guda shi ne aiki mafi wuya a jardan, makarantar ƙananan yara, bai taɓa leƙawa ranar da malamarsu Tanti ta gayyaci iyaye ba. Daga watan Afrilu, da an fara shirin bikin rufe lakwal na watan Yuni, jardan ɗin unguwarmu a Filinge kan kira mu ran Asabar da hantsi: kowa ya zo da nasa, a yi da'ira, a tafa, a taka, a durƙusa, a miƙe. Yara ba su da wata rigima. Kifa ƙwarya ka buga, ɗan shekara uku zai motsa ko bai karya kumallo ba. Manyan da suka rako su, su ne Tanti ke komawa gida da ciwon kansu.

Akwai mai kunyar ɗan fari. Al'ada ta hana ta kama sunan yaron, balle ta yi masa fara'a gaban jama'a, ga shi Tanti ta ce kowace uwa ta riƙe hannuwan ɗanta, su dubi juna, su yi dariya. Sai ta riƙe shi da yatsu biyu kamar an ba ta ajiyar garwashi, fuska na kallon katanga. In ya faɗi, "Kai, wannan, tashi." In ya yi abin kirki, maƙwabciya ce za ta yaba, ita kuwa ta shiga gyaran mayafi. Amma duk sanda aka ce yara su yi tsalle, da wutsiyar ido take auna nasa da na sauran, kuma ko ruwa ake ko iska ba ta fashi.

Mai salula ba ta taɓa ganin rawar ɗiyarta da ido ba, ta gilashi take kallo, don maigida yana Kwatano ko Abijan wajen cin rani, dole bidiyo ta isa WhatsApp kafin azahar. Har tsayar da waƙa take sa a yi, wai rana ta ɓata hoton. Mai dogon hijabi ta zo ne ta sanar da mu kiɗa ba abin kirki ba ne, ta koma gefe ta zauna, babban yatsan ƙafarta na bin ƙwarya ba kuskure. Mai bokiti kuwa yaro takardar shiga ce kawai: ga cecena, ga kopto, ga solani mai sanyi, kafin waƙa ta biyu ta ƙare ta yi cinikin da ko kasuwar Lahadi sai haka.

Sarauniyar da'irar, wadda saboda ita nake ƙin makara, ita ce kaka 'yar samariya. Daga wajen Damana, can Tondikandiya, aka auro ta, don haka Zabarmanci da Hausa duk nata ne, kuma da kowanne tana iya gyara wa mutum zama. Uwar yaron na wurin aiki, shi ya sa aka turo ta. Tun daga bakin ƙofa za ka ji tana kiran jikan "maigidana", tana gargaɗin 'yan mata 'yan shekara huɗu su kiyayi mijin mutane. Ta yi rawa a bale na samariya, ƙungiyar matasa, zamanin Janar Seyni Kunce, wanda ba ta kiransa komai sai "ɗan Fandu", tunda ɗan ƙasarsu ne. Mulkinsa daga 1974 zuwa 1987 ne, kuma a lissafinta rawa a Nijar da shi ta fara, da shi ta ƙare. Abin da aka yi bayan nan motsa jiki ne kawai.

Da farko da ladabi take zuwa. Ta zauna a tabarma, ta harɗe hannu, ta bar Tanti ta fara. Can sai tsaki ƙasa-ƙasa. Sai gyaran murya. Da ka ga ta kwance kallabi ta ɗaure a ƙugu, to aji ya fita daga hannun hukuma.

"Ɗiyata, ba hakanan ba ne. Ƙahwar hagu ta hwara, kahwaɗa ta biyo."

Tanti, wadda ta yi karatun aikin nan har ta samu takarda, sai ta ce, "To, Inna." Me za ta ce? Kaka ta karɓe ƙwarya daga mai bugawa, wai hannunta a mace yake. Ta jera yara biyu-biyu, dogaye a baya. Ta fitar da wani daga layi don ya yi hamma, wai a Festibal mai hamma ba ya shiga mota. Labarin Festibal ɗin matasan nan mun ji shi har mun haddace, sai dai garin ne ba ya zama wuri guda. Wannan Asabar a Damagaram suka girgiza fili, ta gaba a Tawa, in zafi ya yi yawa labarin ya koma Maraɗi. Abin da ba ya sauyawa shi ne Kunce ya miƙe tsaye, kuma ita ya duba.

Ko taken ƙasa ba ta ƙyale ba. An sauya shi tun watan Yunin 2023, sabon ake koya wa yara, ita kuwa tsohon ne a bakinta, kuma muryarta ta rinjayi ta yara talatin. Sai a tashi da take biyu a rumfa guda, yara su duba nan su duba can, su bi mai ƙarfi. Abin haushin shi ne ba ka da bakin magana, domin in ta taka, ta iya. Tsohuwar da ta shigo tana dafa gwiwa tana kukan ciwon sanyi, sai ga ta ta sunkuya, baya a miƙe, kafaɗu na nasu aiki dabam, ƙafafu na nasu dabam, har mai salula ta manta da ɗiyarta ta juyo da waya. "Maigidan" nata fa? Yana can gindin bedi yana cin ƙasa, ba wanda ya tuna da shi.

Maza ba su cika zuwa ba, amma wanda ya zo yakan zo da nauyinsa. Akwai ma'aikacin gwamnati da ke yi wa ɗansa Faransanci zalla, yaron na amsawa da Hausar Kurfai. An ayyana Hausa harshen ƙasa a watan Maris na 2025, shi dai labarin bai iso shi ba, ko ya iso ya tarar ba ya nan. Rawa a wurinsa fareti ce: ƙirji gaba, hannu na lilo, an, de, an, de. Ƙasar nan kuwa ta san wannan taku, don a Shikal ne 'yan borin Babule suka ɓulla wajen 1925 suna kwaikwayon sojan Nasara. Wata tsohuwa ta ƙare masa kallo ta ce su dai Babule iska ce ta hau su, shi wannan da hankalinsa yake yi.

Akwai kuma wani mai tabarau da ke tsayawa bayan da'ira da ɗan littafi a hannu, wai gwiwa ke damunsa, wai kuma nazari yake. Ɗiyarsa ta gaji da jan rigarsa, ta samu uban wani ta yi rawa da shi. Ba zan tsawaita a kansa ba. Mutumin kirki ne, kuma gwiwar da gaske tana ciwo.

Duk waɗannan ina iya zama da su har Yuni, in ma an ce a ƙara wata guda ba zan yi gardama ba. Wadda ba na iya haɗiyewa ita ce mai zare hannu. Shekarun nan rashin tsaro ya rufe makarantu ɗaruruwa a jihar Tilaberi, iyalai da dama sun baro ƙauyukan arewa, wajen Abala da iyakar Mali, sun sauka Filinge, wasu 'ya'yansu sun shigo jardan. Ba wuya ka gane su. Riga ɗaya ce kullum, wankakkiya, kuma in ƙofar kwano ta bugu da ƙarfi su ne ke fara zabura. Sai Tanti ta ce a kama hannu a yi da'ira, irin wannan yaro ya miƙa nasa, ita kuwa baiwar Allah, da leshinta da turarenta, ta sa hannu a hankali ta janye ɗiyarta ta mayar da ita ɗaya gefen. Ba ta cewa komai. Murmushi ma take yi. Bayan nan ta fiddo ƙyalle ta goge tafin yarinyar. Yaro ɗan shekara huɗu ya tsaya da hannu a sama, ya duba ko wani laifi ya yi, uwarsa na zaune bakin tabarma ta ga komai ta sunkuyar da kai. Wannan ba tsabta ba ce, rashin tarbiyya ne, kuma a gaban idonmu take koya wa 'yar da da kanta ta fara miƙa hannun. Tanti ba ta iya magana, don mijin matar na cikin kwamitin lakwal, kuma tabarmin da muke zaune a kai shi ya saya.

Kaka ba ta san wannan lissafi ba, ko ta sani bai dame ta ba. Wata Asabar ta ajiye ƙwarya tsakiyar waƙa, ta ratsa da'ira, ta kama yaron da dama, yarinyar da hagu, ta haɗa hannuwansu ta danne da nata. Sannan ta dubi mai leshi daga kallabi har takalmi.

"Da ɗiyan Buzaye da na Hulani da na Barebari munka kama hannu gaban ɗan Fandu a Dosso, ba wanda hannu nai ya ruɓe. Ke ɗiyar wa ce? Tanti, buga muna."