Vespar Malam

Akwai wani malamin firamare a Kano da ya sayi Vespa a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata. Ya hau ta shekara da shekaru, har ido ya fara gaza shi, aka jingine ta a ɗakin shirgi, ƙura da kaji suka gaje ta. Malam kuwa ya koma ɗakin da ke jikin zaure, ba ya fita sai Juma'a, in an sami mai riƙe masa hannu.

Bara babban ɗansa ya jawo ta waje, ya ce sai ya tashe ta. Ni shaida ne, ya yi aiki na gaske. Kullum bayan la'asar zai shimfiɗa buhu a zaure, ya kwance injin daga gefen dama, ya jera notuna cikin gwangwanin madara. Kafireta ya jiƙa ta a kananzir, ya bi ta da tsohon burushin haƙori, ya hura ƙananan kafofinta har iska ta wuce. Baƙin da ya daskare a kan fistan ya kankare shi a hankali don kada ya ji wa ƙarfen ciwo. Injin Vespa irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne, shi ya sa salansarta take cika da kunkunniya, sai da ya gasa ta a wuta kafin ta buɗe. Ringi kuwa ya tona Ƙofar Ruwa bai samu ba, ya tafi har Panteka a Kaduna. Duk wannan bango ɗaya ne tsakaninsa da mahaifinsa, tarin tsohon ma yana jiyowa. Gaisuwar safe daga bakin ƙofa yake yin ta, a tsaye.

Ran nan Gwaggo, ƙanwar Malam, ta zo duba yayanta. Da za ta fita ta tsaya a kansa.

"Sannu da aiki, ɗana. Wai me ya kashe ta ne? Lafiya lau aka ajiye ta."

"Ajiyar ce ta kashe ta, Gwaggo. Tsohon inji ba ya son a manta da shi. Fetur ya bushe ya zama danƙo, tsatsa ta ci tanki, fistan ya kama. Da ana tayar da ita ko sau ɗaya a mako, a zauna a saurari ƙararta, da ba ta kai haka ba."

"Ikon Allah. In wani abu ya lalace a jikinta, ana samun madadinsa?"

"Da wuya, amma ana samu."

Ya buga kik, ta tashi da hayaƙi, tana yi tana sarƙewa. Sai ga muryar Malam daga ɗaki, a dishe: "Mai ya yi mata yawa, ɗan ɗaure sukurun." Ya ɗaure, ƙarar ta daidaita. Ya yi murmushi ya ɗauki waya zai ɗauki hoto.

Gwaggo ta gyara mayafinta. "Ka ji wanda ya san ta tun tana sabuwa. Shi kam ban ji ana sayar da irinsa a Panteka ba. Sau nawa ka ce a mako, ɗana?"