Ɗan Kwamiti Mai Duba Aiki da Hanci

Ina da wata lalura da ban taɓa kai wa likita ba. Da zarar na shaƙi ƙamshin sabon fenti, sai hankalina ya tafi hutu. A nuna mini bango mai ruwan ƙwai daga sama, kore daga ƙasa, nan take zan ce aiki ya yi kyau, ko da kuwa gara ta gama da katakon rufin. Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, da sauƙi. To amma ni aka sa a kwamitin kula da makarantar firamaren unguwarmu a nan Jalingo, wanda ake ce wa SBMC, wai don ina da ido.

Bakina ne ya ja mini. A 2023 da Gwamna Agbu Kefas ya ce karatun firamare da sakandare ya zama kyauta a Taraba, yara suka cika makarantarmu har wasu na zama a ƙasa. Kullum da dare a teburin mai shayi ni ke da bakin magana: azuzuwa sun lalace, ba mai sa ido, kowa cikinsa ya sani. Da mai unguwa ya gaji da ji, sai ya ce, "Malam, tunda ka fi kowa sanin ciwon, zo ka riƙe maganin." Washegari na sayi jakar takardu da biro mai tsada.

Taron farko shi ne na tsara abin da za a gyara. Hedimasta ya kira shi a cikin aji, ba rumfa, ba lasifika, ba ko ruwan leda. Ranar kuma akwai ɗaurin aure a Mayo Gwoi. Kun dai san inda na tafi. Na iso ana shafa addu'a, aka miƙo mini takardar kiyasin aiki, na juya shafukanta a hankali ina gyaɗa kai, na ɗan ɓata fuska a shafi na uku don a san ina nazari, sannan na rattaba hannu. Wakiliyar iyaye mata, wata dattijuwa mai sayar da waina a ƙofar makarantar, ta ce, "Malam, kwano nawa aka ce za a canja?" Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, komai na ciki." Wallahi ban ga ko kalmar kwano ba.

Ranar duba aiki ɗan kwangila ya tarbe ni da "Ranka ya daɗe, Injiniya." Ni da ban taɓa gauraya siminti ba, sai na ji kafaɗata ta ɗaga. Na ƙwanƙwasa bango da makullin babur, na kasa kunne kamar bangon zai ba ni amsa. Na buɗe taga na rufe. Na yaba launi. Abu ɗaya ne ban yi ba, ɗaga kai sama.

Sai damina ta zo ta yi nata duban. Ruwan Agusta na Jalingo ba ya jin kunyar kowa, kuma ba wanda ya taɓa ce masa Injiniya. Silin ya jiƙe ya yi ciki, ya zubo. Ɗana ya dawo gida da littattafai sharkaf. Uwargida ta shanya su a kan igiya, ba ta ce komai ba sai da na zauna cin tuwo: "Maigida, wannan ajin ba shi ne ka ce ya fi na Abuja ba?"

Na fusata na nufi wurin ɗan kwangila, na shirya masa wa'azi a kan amana. Ya bar ni na gama, ya buɗe aljihun mota ya zaro takardar nan. Fenti, tagogi, ƙofofi, daɓen baranda. Rufi babu shi a lissafi. A ƙasa ga sa hannuna, ɓaro-ɓaro, har da lanƙwasar da nake yi masa ta ado. Ya ce, "Injiniya, abin da kuka rubuta na yi." Wannan karon sunan bai yi mini daɗi ba.

Don in wanke kaina, na koma karatu. Na gano cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma jiha ba ta karɓar rabonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa, ta kuma miƙa tsarin ayyukan da za ta yi. Wato tun kafin a buɗe gwangwanin fenti an riga an yanke wace makaranta za a taɓa da abin da za a taɓa mata. Na gano Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100, kuma kashi 15 na asusun na kula da gine-gine ne da kayan aiki da sufuri. Na haddace har da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, mai ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya tambaya. Wannan na sha faɗarta a teburin mai shayi. Wasiƙar ce dai har yau ban rubuta ba.

Da wannan ilimi na halarci zaman kwamitin raya mazaɓa a kan gyaran ƙaramin asibitinmu. Na miƙe na zazzage shekaru da kashi-kashi, aka yi shiru ana kallona. Da aka ce to me za a fara gyarawa, me kuke zaton ya fito daga bakina? Katanga, babbar ƙofa, sabon allo, sannan a ɗan shafa wa gaban ginin fenti. Ungozoma ta bari na zauna, ta ce cikin ladabi, "Baba, ka taɓa shiga ɗakin haihuwarmu?" Ban taɓa wuce baranda ba. Ta ce ruwa a jarka ake sayo shi wurin 'yan garuwa, makewayi ya toshe, in haihuwa ta zo da dare kuma da fitilar waya take aiki. Na maida biro aljihu.

An ce laifi tudu ne. Yanzu da na sauko daga kan nawa na dube shi da kyau, zan iya ɗan waiwayawa. A bikin buɗe azuzuwanmu rumfa ta cika maƙil, kowa da babbar riga, kowa na yaba launi, kuma ban tuna mutum ɗaya da ya ɗaga kai ba. A taron tsarawa kuwa benci biyu ba su cika ba. Ɗan kwangila ɗan kasuwa ne, ya san abin da muke saye. Taraba kuma ƙananan hukumomi 16 gare ta, daga Karim Lamido har tsaunin Mambila, ba wani jami'i a sakatariya da zai leƙa kowane silin. In 'yan unguwa ba su zo ranar da ake rubuta takarda ba, zuwansu ranar yanka zare cin shinkafa ne kawai. Tun ran gini ake zane.

Kwamitinmu ya yi wa kansa gyara. Hajiya mai waina ce ke fara yin tambaya a kowane zama, kuma ana karanta takarda da ƙarfi layi-layi kafin kowa ya taɓa biro. Mun jawo wani kafinta cikin iyayen yara, shi ke hawa ya duba katako da kwano. Ni ma ba a kore ni ba, an duba cancantata an ba ni muƙami. Ni ke riƙe tsani.