Cakulan Ba Ya Rufa wa Kowa Asiri

Kayan haɗinsa uku ne kacal: cakulan, kirim ɗin madara mai kauri, sai garin koko. A ɗora kirim a wuta, da ya fara ƙananan kumfa a gefen tukunya a sauke, a juye a kan yankakken cakulan, a ba shi minti biyu, a juya a hankali daga tsakiya har ya haɗe ya yi sheƙi. A sa a firij ya kama jikinsa, a cura ƙanana, a mirgina su a gari. An gama tirafal ke nan, alewar Faransawa da ake jerawa a kwali mai ƙyalli a tsawwala mata kuɗi. Duk wadda ta taɓa dama kunu za ta ce wannan ai wasan yara ne. Ni ma haka na ce, shekarar da 'yan matan gidanmu suka yanke hukuncin cewa cincin da dubulan sun zama tsohon yayi, Sallar bana sai da tirafal.

Tun a aiken farko aka fara. Yaron da muka tura sayen garin koko ya dawo da ƙullun koko a leda, yana tambaya ko a haɗo da ƙosai.

Daga shekarar nan zuwa yau na gane wani abu. Girki mai tarkace da yawa yana rufa wa mai shi asiri. In miyar taushe ta ɓaci, a ɗora wa kabewa laifi, ko daddawa, ko mahaucin da ya ba da jijiya. Abu mai kaya uku kuwa, in ya lalace, na huɗun ne ya lalata shi, wato mai yi. Ga waɗanda cakulan ya tona wa asiri a gaban idona.

Hajiya Sikeli

Kafin ta taɓa tukunya sai ta jera kayan aiki kamar za a shiga tiyata: sikeli, ma'aunin zafi, agogo. Giram 200 na baƙin cakulan, giram 100 na kirim, biyu bisa ɗaya. In farin cakulan ne, uku bisa ɗaya, don shi ba ya saurin kamawa. A kanti takan tsaya tana karanta bayan kwali har mai shago ya fara zargin daga hukuma aka turo ta, alhali neman inda aka rubuta kashi 70 cikin ɗari take yi. Kowane curi sai ya hau sikeli: giram 15. In ya yi 16 ta sa bakin wuƙa ta ɗan tsakure. Fanka a kashe take, wai za ta kwashe mata garin koko, saboda haka kowa a kicin gumi yake haɗawa. Takan fara bayan azahar ta gama bayan isha da guda 20 cif.

Gaskiya tirafal ɗinta ba shi da makusa. Ci ne dai ba ya yiwuwa a gabanta, domin tana tsaye a kanka tana kallon bakinka. "Kar ki tauna, Anti! Bari za ki yi ya narke." Mutum ya rasa alewa yake ci ko jarrabawa.

Ido Mudu

Wannan kishiyar ta farko ce. Ka ce mata ga sikeli, ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, shekara ashirin tana ciyar da gida ba ta taɓa auna gishiri ba. Ta ɗebo kirim da ludayi ta antaya, ta duba, ta ƙara "ɗan kaɗan don albarka". Yau abin ya fito ruwa-ruwa, ya kwana biyu a firij bai san an yi ba. Wani makon ta rage hannu, ya fito da tauri har yara suna roƙon a ba su su harbi tsuntsu da danƙo.

Abin burgewa da ita, ba ta taɓa kuskure ba. In ya yi ruwa, dama na shafa wa burodi ta yi niyya. In ya yi tauri, ai na tafiya ne, wanda ba zai narke a mota ba.

Uwar Musanya

Tun da farashin koko ya haura dala 10,000 kowane tan a kasuwar duniya a 2024, cakulan mai kyau ya koma abin kallo daga nesa, jama'arta suka ƙaru. Takenta shi ne da babu gara ba daɗi. Babu cakulan? Ga Milo. Babu kirim? Ga madarar gwangwani mai zaƙi. Ta jefa bota, ta tuƙa a wuta har ya yi kauri, ta cura, ta mirgina a dakakkiyar gyaɗa, ta fito tana cewa a zo a ci tirafal, bayan babu ko ɗaya daga cikin kaya ukun da ya halarci taron.

Sai dai kada a yi mata dariya da yawa. Ba tare da ta sani ba ta bar Faransa ta sauka a Birazil, domin haka suke yin alewarsu brigadeiro, da madarar gwangwani da garin koko da bota, kuma sunan ya samo asali ne daga muƙamin Birgediya Eduardo Gomes, wanda ya yi takarar shugabancin ƙasar a 1945. Shi ya faɗi zaɓe, alewar ta ci. Tsoron da nake mata guda ne: in ta ƙara musanya abu ɗaya, za ta zagayo gida ta tarar da kanta tana yin tuwon madara.

Sauri Ya Haifi Nawa

Baƙi za su iso ƙarfe huɗu, ita kuwa uku da rabi ta tuna. Minti biyun nan da ake ba kirim ya ratsa cakulan, a wurinta ɓata lokaci ne. Sai ta zuba cakulan tsirara a tukunya ta buɗe gas. Shi kuma ɗan gata ne, zafi kaɗan yake so, ya wuce haka ya ƙone ya yi ɗaci. Tana cikin ruɗewa ta ɗauko cokali daga ruwan wanke-wanke ta tsoma. Narkakken cakulan mai ne da busasshen sukari da garin koko suke yawo a ciki. Ɗigon ruwa guda in ya faɗa, sukarin ya jiƙe ya manne wa juna, kamar yadda gudaji ke fita a tuwo, nan take abu mai sheƙi ya koma kamar laka ta sha rana.

Maganinsa a ƙara kirim mai ɗumi kaɗan-kaɗan ana juyawa da lallashi. Ita sai ta ɗauko muciya ta shiga tuƙi da ƙarfin tuwon mutum talatin, har mai ya rabu ya taso sama kamar ana matsar ƙuli-ƙuli. Ƙarfe huɗu da kwata za ka ga yaro ya fita da gudu sayen biskit.

Mai Hannun Wuta

Wannan baiwar Allah ta bi kowace ƙa'ida, jikinta ne ya ci amanarta. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, jikin ɗan Adam kuwa 37 ne, shi ya sa cakulan ke narkewa a baki. Shi ya sa kuma yake narkewa a tafin hannu, musamman hannun da ya zaɓi watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke haura 40, ranar da aka ɗauke wuta tun safe firij ya koma kabad. Ta ɗebi cokali guda ta fara curawa, kafin ta ce bismilla rabinsa ya zama man shafawa. Curi na biyar ba a san inda hannu ya tsaya cakulan ya fara ba, kamar amaryar da aka ƙunsa wa lalle har gwiwar hannu. A daidai lokacin ne kuma hancinta zai yi ƙaiƙayi, waya ta yi ƙara, jariri ya farka.

An sha gaya mata ta jira hunturu, Disamba ko Janairu, ko ta tsoma hannu a ruwan ƙanƙara ta goge tas, ko ta yi da cokali biyu. Ta ce Sallah ba ta jiran hunturu. A nan kam ta fi mu gaskiya.

Maigida Mai Duba Aiki

"Ni fa ba na son zaƙi, wannan ai abin yara ne." Da wannan yake buɗe taro. Mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri ba, yau ya leƙo kicin sau shida: neman ruwa, neman makullin mota, tambaya ko an ga cajarsa. Kowane zuwa sai ya tsaya kan faranti ya yi nazari. "Wannan ya ɗan karkace, kada a kai wa baƙi, abin kunya ne." Ya ɗauke shi don kare mutuncin gida. Aka cura talatin, aka ƙirga sha bakwai. In an tambaya ya ce a binciki yara, ga garin koko a gemu, ga sawun yatsu uku a ƙirjin farar jallabiya. Ba a ba kura ajiyar nama, ita dai kurar ba ta cewa ba ta son nama.

Farfesa

Ƙanin maigida ne, ya yi kwas na wata uku a Faransa, har yau bai gama dawowa ba. Da ka ce tirafal zai ɗaga hannu: "Tiruf ake cewa," yana fito da harafin ra daga maƙogwaro kamar mai kurkurar ruwan gishiri. Ya san labarin da Faransawa ke bayarwa, cewa wani mai gasa kayan zaƙi, Louis Dufour, shi ya fara haɗa ta a garin Chambéry a Disambar 1895. Ya san Kodebuwa da Gana ne ke noma wajen rabin kokon duniya, ya san a Najeriya jihar Ondo ce kan gaba, ya san da kuɗin koko aka gina dogon benen Cocoa House na Ibadan da aka buɗe a 1965. Daga nan sai huɗuba: mu ke noma, a kwashe a buhu, a dawo mana da shi a kwali mu saya da tsada. Maganar tasa gaskiya ce, in da zai yi ta yana wanke ko da cokali ɗaya.

Ranar da ya ɓata mana Sallah, falo cike da surukai, kowa da curi a hannu, ya ga ya dace ya bayyana asalin sunan. Wai kama take da wani irin naman kaza mai tsada da ke girma a ƙarƙashin ƙasa a Faransa da Italiya, wanda karnuka da aladu ke shinshinowa. Bai rufe baki ba ya ƙara da cewa Turawa kan zuba wa tasu giya. Ka ji falo tsit. Hannuwa suka fara komawa faranti a hankali. Wata gwaggo ta tofar a hankici tana a'uziyya. Sai da muka fito da kwalayen kayan haɗin aka karanta ɗaya bayan ɗaya, muka rantse ba kare ba alade ba kwalba, sannan aka yarda. Duk da haka ranar cincin ne ya ƙare.

Ni

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Ni ce mai ɓoyo. Ganin abin da maigida ke yi, sai na ware guda goma mafi kyau na zuba a robar da na tabbata ba mai buɗewa, wato tsohuwar robar daddawa, na tura can ƙuryar firij. Na wanke ta, Allah ya sani. Abin da ban lissafa ba shi ne maiƙo yana jan wari kamar yadda soso ke jan ruwa. Bayan kwana uku, dare ya raba, kowa ya yi barci, na lallaɓo na jefa ɗaya a baki. Ban taɓa sanin cakulan da miyar kuka za su iya zama a curi ɗaya ba. Na cinye goman a tsaye cikin duhu, don zubarwa almubazzaranci ne, bayarwa kuma tonon asiri.

Inna

Kakar yaran ce, ta girma a gidan masu fura. Shekara biyu tana kallonmu ba ta ce uffan ba. A ta uku, bayan sallar asuba, gari da sauran sanyi, ta ce a miƙo mata kwanon. Ta zauna a tabarma, ta wanke hannu da ruwan randa, ta goge, ta baɗa garin koko a faifai ta shafa kaɗan a tafinta. Ta gutsura, juyi biyu, ta sake shi ya gangara cikin gari. Ba ta riƙe ko ɗaya ya kai numfashi guda ba. Kafin shayi ya tafasa ga talatin a jere, kansu ɗaya. Hajiya Sikeli ta auna uku, ta mayar da sikelinta jaka ba ta yi magana ba.

Aka ce Inna ta ɗanɗana. Ta gatsa, ta yamutsa fuska. "Furar Nasara ce ashe. Ba citta, ba kanumfari, ga ɗaci. Ina nonon?" Muka ce ai haka ake ci. Ta ce Allah ya kyauta, ita kam ba za ta iya ba, mu yara mu ƙarata.

Da la'asar, rana ta gama dukan gari, Inna ta miƙe za ta yi alwala. A haɓar zaninta, inda ta saba ƙulle goro, wani baƙin tabo ya fito, faɗin tafin hannu, yana ɗiga.