Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Asiransi

Daga Tashar Mota, Gaya, Jihar Dosso.

Zuwa ga Hajiya Asiransi, wadda 'yan Kamba ke kira Inshora, mazauniya akwatin gaban mota, maƙwabciyar kartagiris da farmi.

Ranki ya daɗe,

Ina fatan kina nan lafiya cikin ledarki, ba damina ba gumin hannu. Mu ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Na rubuto ne a madadin direbobin layin Dosso da na Kamba, da 'yan kabu-kabu, da duk wanda ya daɗe yana ciyar da ke bai taɓa cin naki ba.

Gaskiya ɗaya ce, ke mai alfarma ce. Daga Gaya zuwa Dosso, wajen kilomita 150, babu shingen da ba a tambayar lafiyarki. Jandarma ya miƙo hannu, mu fito da ke, ya duba ranar haihuwarki da ranar mutuwarki, ya ce a wuce. Wannan aikin kam ba kya fashi. Asalinki ma ba na banza ba ne. A Yawunde aka ƙulla yarjejeniyar asiransi ta CIMA a 1992, ƙasashe 14 ke bin kundinta har da Nijar da Benin, sashe na 200 kuma ya wajabta wa duk mai mota ya ajiye ki. Tun 2011 aka gyara sashe na 13, aka ce in ba kuɗi ba kariya. Ba kya ba da bashi, ba kya jiran kasuwa ta ci. A Najeriya ma kin ƙara wa kanki daraja: tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinki na ƙaramar mota daga naira 5,000 zuwa 15,000. Mun ji, mun biya.

To, ranar da aka neme ki fa, Hajiya?

Bari in tuna miki da maganar wani abokin aikinmu, tunda na san mantuwa na cikin halinki. Babbar mota mai lambar Najeriya ta taso daga Kamba, ta same shi a kwana, ta murƙushe masa gaban mota, fasinja guda ya karye a ƙafa. Jandarmomi suka zo suka yi konsta, suka auna titi, suka zana. Bawan Allah ya ɗauko ki da ƙarfin gwiwa ya nufi ofishin da ya saye ki. A nan aka karanta masa ƙananan rubutun da ke bayanki. Ashe ke ta wanda aka buge ce, ba ta wanda ya saye ki ba. In shi ya yi ɓarna, ki biya wani. Motarsa kuwa sai ya bi asiransin mai babbar mota. Ranar ciniki babu wanda ya faɗa masa haka, ko da Hausa, ko da Zabarmanci, ko da Dandanci. Canji kawai aka ba shi da fara'a.

Daga nan aka haɗa shi da 'yar'uwarki, katin CEDEAO mai ruwan ƙasa, haifaffiyar Kwatano a 1982, mazauniyar Lome. An haife ta ne don irin wannan rana: motar baƙo ta yi ɓarna, ofishin ƙasar da abin ya faru ya sallami wanda aka cuta, daga baya ya karɓi kuɗinsa wurin ofishin ƙasar mai mota. A takarda abin gwanin sha'awa. A aikace, dosiye ya tafi Yamai, Yamai ta rubuta wa Najeriya tana tambaya ko katin na gaske ne, Najeriya ta shiga nazari. Ki lura, mutanen Gaya iyaka ba ta gagare su ba. Da aka rufe gadar Malanbil ta iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, albasa da masara da masu zuwa biki duk suka koma kwale-kwale suka tsallake Kwara. A duk faɗin Dandi, dosiyenki kaɗai ke girmama iyaka.

Ana cikin haka aka turo ekisper. Ya zagaya motar hannu a baya, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can, ya yanke hukuncin cewa motar tsohuwa ce. Wannan bincike bai girgiza kowa ba, don ita ma motar ba ta taɓa ɓoye shekarunta ba. Amma sai ya ce tunda fitilar da ta fashe ta sha jiki, rabin kuɗinta za a bayar. Ranki ya daɗe, a wace kasuwa ake sayar da rabin fitila? Kuma ranar karɓar kuɗi me ya sa ba a rage ko dala don tsufa ba? Kafin a gama wannan, kamfanin mai babbar mota ya aiko cewa a raba laifi biyu, wai da ƙaramar mota ba ta fito ranar ba da ba a same ta ba. Mai karaya kuwa aka ce ya kawo takardar likita, da rasit na magani, da takardar haihuwa, da shaidar abin da yake samu a wata, shi da ke sayar da rake. Sauran amsoshin mun haddace su: ka dawo jibi, shugaba ya yi tafiya, dosiye na kan hanya. Ƙafa ta ɗore, mutum ya ajiye sanda, dosiye na nan kan hanya.

Na san sirrin ƙibarki, Hajiya. Haƙurinmu ne abincinki. Da zarar an yi karo, sai dattawan tasha su taru a ce ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba, kowa ya gyara tasa, a janye motoci kafin jandarma ya iso. Ba konsta, ba hoto, ba sunan shaida. Ke kuma kina kwance cikin leda kina cewa amin. Ƙaddara gaskiya ce, sulhu alheri ne, amma babu malamin da ya ce a yafe wa kamfani haƙƙin maraya ko na gurgu.

Saboda haka nake sanar da ke cewa mun sa an karanta mana kundin naki, kuma ashe ba duka yake gefenki ba. Mun ji cewa wa'adin sanar da hatsari ba ya kasa kwana 5 na aiki, don haka za mu zo da wuri, a rubuce, a buga mana hatimi a kwafinmu. In an ji rauni, doka ta ce jami'an da suka yi konsta su aika wa kamfani rahoto cikin wata 3. Ta kuma ɗora wa kamfani wa'adin gabatar da tayin diyya, da tara in ya makara. Tayi ba umarni ba ne: mutum na iya ƙi, ya kawo nasa ekisper ya sake ƙiyasi. Wanda ya ji rauni, ko ya sa hannu, yana da kwana 15 na warware yarjejeniya in an saɓa wa kundin. In an toshe kunne, akwai sashen kula da kamfanonin asiransi a ma'aikatar kuɗi a Yamai, akwai hukumar CIMA a Libarabil mai ikon ƙwace lasisi, akwai kotu. Mun kuma gane dalilin yawan "ka dawo jibi": ƙarar mai asiransi a kan kamfaninsa na mutuwa bayan shekara 2, ta wanda aka buge bayan shekara 5. Ba za mu bari jibi ta cinye su ba.

Roƙonmu biyu ne kacal. Na farko, mai sayar da ke ya faɗa wa mai saye, da harshen da yake ji, abin da kike biya da abin da ba kya biya, kafin ya ƙirga kuɗi. Na biyu, inda kika buɗe tagar karɓa a Gaya, ki buɗe ta biya kusa da ita, kada talaka ya kashe kuɗin mota zuwa Yamai fiye da diyyar da yake bi.

Kuɗin bana za mu biya, doka ce. Amma duk wanda aka buge daga yau zai zo miki da konsta a hannu, da hotuna a waya, da shaidu, da ranar da ya ajiye dosiye a rubuce. Ki shirya biya.

Wassalam.

Naki mai biya a kan kari,
Wani direban layin Dosso.